Ranar da Babur Ya Tsaya Ni Na Wuce

Haƙorina na gaba guda ɗaya babu shi, kuma jikokina sun sha tambayata inda ya tafi. Nakan ce musu yana can dajin Sabuwa yana kiwo. Su yi dariya, ni ma in taya su. Amma gaskiyar magana, ko da haƙorin nan zai sake tsirowa yau, ranar da na rasa shi ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Na manta fuskokin abokan aiki da yawa, na manta ƙauyukan da na kwana, amma wannan rana tana nan daram kamar jiya aka yi ta.

Ana cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ni matashi ne a lokacin, malamin dabbobi na En'e, wato hukumar gargajiya, an ajiye ni a Ƙanƙara, ina zagaya ƙasar Faskari har gangaren Sabuwa ina yi wa shanu allurar rigakafin bushiya. Yaran yanzu ba su san bushiya ba, Allah Ya raba su da ita. Ciwo ne da in ya faɗa garke, makiyayi kan wayi gari ba shi da komai sai sandar hannunsa. Maganin daga Katsina ake aiko mini shi a mota, cikin 'yan ƙananan kwalabe da aka jera a wani babban fulas mai riƙe sanyi. In zafi ya taɓa shi ya mutu, in kwalba ta fashe ta tafi ke nan, kuma ba kullum ake aikowa ba.

Abin hawana wani tsohon babur ne ƙirar Ingila, wanda aka ce sojoji sun gama morarsa a yaƙin duniya kafin ya faɗo hannuna. Injinsa ba laifi, ko wane tudu ne zai haura yana gurnani. Gabansa ne abin tausayi. Wasu ƙarafa biyu ne suka riƙe tayar, da sifirin ƙwaya ɗaya a tsakiya wanda ya daɗe da gajiya da duniya. In na faɗa rami sai in ji shi har cikin ƙwaƙwalwata. In na shiga yashi, ni ina son yamma kan babur ya nufi gabas. Birkin gaba kuwa ado ne kawai. Sai na damƙe shi da yatsu huɗu da iyakar ƙarfina, na taka na baya, na sauke ƙafafu biyu ina jan su a ƙasa, sa'an nan zai fara shawarar ko ya tsaya. Takalman da na kashe ta haka ba su ƙirguwa. Abokan hira na ƙofar gidan mai gari suka sa masa suna Sai-ka-ga-dama, sunan kuwa ya bi shi.

Saboda wannan jijjiga ba na iya ɗaure fulas a jikin babur. Mai ɗakina ce ta samo dabara. Takan naɗe shi da auduga, ta ɗora mini a baya, ta kawo zane da majanyi ta ɗaure tam, kamar yadda take goya ɗanmu. Jikina ya shanye girgizar, magani ya isa lafiya. Dabara ce mai kyau, amma ku dubi abin da idon zuci: malamin hukuma, da kakinsa da jar dararsa, ya ratsa tsakiyar Faskari da goyo. Mata su riƙa tambayata ko yaron ya sha nono. Nakan yi murmushi in wuce, amma abin yana cina a rai ƙwarai.

Akwai wani Ardo, dattijo dogo marar yawan magana, wanda gidajen makiyaya da dama ke bin bayansa. Shekara biyu ina lallaɓa shi ya yarda a yi wa shanunsu allura, yana cewa allurar Nasara tana sa saniya ɓari, tana ƙafar da nono. Da ƙyar ya yarda ya tara su kusa da Ruwan Godiya. Ranar na gangaro musu, na damƙe birki, na ja ƙafa, Sai-ka-ga-dama bai ga dama ba. Na ratsa tsakiyar garken ina ihu, shanu suka watse cikin gonakin mutane, ni kuma wata kuka ce ta tare ni. Ardo ya tako a hankali, ya dubi babur, ya dube ni da goyona.

"Malam," ya ce, "wanda bai iya tsai da dokinshi ba, shi zan ba shanun mutane?"

Ya kaɗa dabbobinsa ya tafi. Ko ɗan maraƙi ban soka ba ranar.

Shekara ta zagayo. Da bazara labari ya fara zuwa cewa bushiya ta ɓulla a yamma, tana matsowa. Ardo da mutanensa suna kan hanyar dawowa daga cin rani, sun yada zango a wata mashaya a dajin Sabuwa. Sai ga saƙonsa ta bakin wani mai fataucin kanwa: in zo ran Laraba ta sama, zai tara shanu, yini ɗaya zai jira ni, daga nan za su yi gaba. Na san ba ƙaramin abu ba ne dattijo irinsa ya lashe maganarsa ya aiko. Na kuma san fulas ɗin da za a kawo mini a wannan makon shi ne na ƙarshe, domin da ruwa ya sauka hanya takan yanke, sai kuma kaka. Mai hankali da ya ji haka tunanin shanu zai fara. Ni kuwa tunanin da ya fara zo mini shi ne yadda zan tsaya a gaban Ardo.

A Funtuwa na san wani makaniken motocin auduga, kuma na taɓa ganin gawar wani babur a bayan garejinsa. Na wani Bature ne mai duba hanya. Babbar mota ta yi baya ta taka shi, ta niƙe bayan, gaban kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Sabon yayi ne, bututu biyu masu shiga cikin juna da mai a ciki, suna nitsewa suna tasowa a hankali, ga gangar birki mai faɗin faifai. Na je na ba shi ragon da nake kiwo saboda layya, ya kwance mini gaban ɗungurungum, da taya da kai da wayar birki. Ya ce in kawo babur ɗin ya ɗaura mini, mu yi kwana biyu muna gwada shi a fili. Na ƙi. Funtuwa gari ne na direbobi, kafin ya ɗaure noti na farko labari ya isa Ƙanƙara. Na cusa kayana a buhunan auduga biyu na hau mota, duk wanda ya tambaya in ce ƙarafan garma ne.

A nan sai na yi wa yaran yanzu bayani. A wancan zamani, a wajenmu, ba a nuna sabon abu kafin ranarsa. Rigar salla tana ƙasan adaka, sabon sirdi yana rufe a ɗaka, ko tunkiya ka sayo sai ka shigo da ita ta ƙofar baya, duk saboda tsoron baki da ido. An ɗauka in mutane suka yi ta yaba abu tun bai fara aiki ba, to sun cinye albarkarsa. Ni da na yi makaranta har Katsina, a gaban Bature dariya nake yi wa wannan al'ada, amma a cikin gidana ina riƙe da ita hannu bibbiyu. Ballantana a wannan karon ta zo daidai da abin da zuciyata ke so.

Na kai kayan wurin wani tsohon maƙeri a bayan gari, abokin mahaifina, wanda ya shahara a ƙirar linzami da likkafa da gyaran bindigar maharba. Bai taɓa hawa babur ba, amma ƙarfe ba ya yi masa gardama. Muka kange maƙerar da zana, kwana uku muna ciki. Kwance tsohon gaban bai ba mu wuya ba, sai dai 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin wuyan suka zube cikin toka, muka yini muna tankaɗe ta da rariyar matarsa. Da muka zira sabon kuma, sai sandar wuyansa ta fi ramin tsawo da kamar yatsa biyu, kan yana rawa. Na zauna na yi tagumi, na ce ragona ya tafi a banza. Tsohon ya matso ya duba. Ya auna da tsinke, ya datso bakin wata tsohuwar bindiga, ya yi ta goga shi da magagari har ya fitar da zobe, ya zira, ya zauna ɗas kamar tare aka ƙera su. Muka cika wuyan da giris, muka jera ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, muka ɗaure.

Da muka gama ya ɗora babur ɗin a kan turmi, ya juya tayar gaba da ƙarfi har tana fito, sa'an nan ya sa ɗan yatsa guda ya taɓa birkin. Taya ta tsaya cak. Ya sake juyawa, ya sake taɓawa. Sai na ga murmushinsa ya ɗauke.

"Ɗan nan," ya ce, "tsohon dokinka mai taurin baki ne, ka saba hizgar linzami da ƙarhi. Wanga bakinshi da laushi. In ka hizge shi yadda ka saba, aradu sai ya kada kai. Ka tahi hwadama gobe da sahe, ka hau ka sauka, ka hau ka sauka, har hannunka ya san shi."

"Baba, ai babur ba doki ba ne," na ce. "Mu an koya muna waɗannan abubuwa."

Ƙarya nake yi, allura aka koya mana. Ya dube ni ya ce, "To, Malam." Tun ina yaro bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar, kuma ban gane abin da yake nufi ba sai daga baya.

Fadamar da ya ce, ai ba ta rabuwa da masu ɗiban ruwa da masu lambu. Kafin azahar gari ya ɗauka, abokan hirar nan sun zo sun zagaye shi suna tattaɓawa, sun cinye albarkar. Don haka na lulluɓe gaban da bargo, na jira tsakar rana lokacin da kowa ya shige inuwa, na turo shi gida na kulle a ɗakin ajiya. Kwana biyu ina shiga in hau shi a tsaye, in danna kan ya nitse ya taso, in ji daɗi ya rufe ni. Na gwada yadda zan sauko, na gwada yadda zan gyara hula, na gwada har irin sallamar da zan yi wa Ardo. Abu ɗaya ne ban gwada ba, shi ne tsayawa.

Ran Talata da yamma fulas ya iso. Ran Laraba da sassafe na fito da babur, na yaye bargon. Mai ɗakina ta biyo ni zaure da zane da majanyi a hannu.

"Malam, juyo in ɗaura ma."

"Yau ba goyo," na ce. "An wuce wannan zamani."

"To mi ya sake? Kwalaben sun zama ƙarhe ne?"

Na ce mata gaban nan ko ƙwai aka ɗora masa ba zai fashe ba. Kuma don kowa ya shaida, ban ɗaure fulas ɗin a baya ba, a gaba na ɗaure shi, saman fitila, inda ido zai fara sauka. Ta tsaya tana kallona, sa'an nan ta ninke majanyin ta tura a jakata. Na bar shi ne kawai don kada mu tsaya jayayya.

Jama'a, sai dai in faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Ramukan da na san su ɗaya-ɗaya kamar 'yan uwana, ranar sai in ga na wuce su ban ji komai ba. Na shiga yashin wani rafi da kullum sai na sauka na tura, kan babur ya miƙe sambal har tsallake. In na karkata ya karkata, in na miƙe ya miƙe. Ban taɓa jin na zama mutum kamar ranar ba. Na yi ta ƙara wuta, ina waƙa ni kaɗai a daji. A Faskari kullum nakan tsaya in sha fura in duba kaya, amma ranar ɗaga hannu kawai na yi, na bar masu zaman bakin hanya da baki buɗe suna neman goyo ba su gani ba. Duk inda ya kamata in rage gudu, da giya da birkin baya nake ragewa. Na gaba ko taɓa shi ban yi ba, na ajiye shi kamar rigar salla, sai a gaban Ardo.

Hantsi ya ɗaga na iso. Hanyar takan gangara ne ta kan marmara mai tauri zuwa mashayar, ga manyan ɗorayi a gefe. Daga saman tudu na hango su, murna ta kama ni. Ban taɓa ganin shanu sun taru haka saboda ni ba, farare fat har bakin ruwa. Mata na zaune da ƙorensu a inuwa, maza na tsaye da igiyoyi, Ardo yana gaba, ya gicciya sanda a kafaɗa. Da suka ji ƙarar babur sai na ga sun fara kaɗa shanun gefe suna buɗa mini hanya har cikin ruwa. Sun tuna bara. Abin ya sosa mini rai, na ce yau za ku gani. Maimakon in rage, sai na ƙara. Na zaɓi wani wuri kamar taku goma a gaban Ardo, na ce nan zan tsaya.

Wallahi na tuna maganar maƙerin. Tun daga saman tudu nake faɗa wa kaina, yatsa biyu, a hankali. Kaina ya ji. Amma hannun da ya yi shekara huɗu yana damƙa da iyakar ƙarfinsa ba a gaya masa komai ba. Da wurin ya zo, yatsu huɗu suka rufe birkin ruf, ƙafafuna biyu suka sauka da kansu.

Babur ya tsaya. Daidai wurin da na zaɓa ya tsaya, ko taku bai ƙara ba. Gaban ya durƙusa, bayan ya tashi sama, ni kuwa na wuce. Na tuna na ga ɗorawa a ƙasa, ƙasa a sama. Na tuna na ga fuskar Ardo ta wuce ta gefena, yana bina da kallo kamar mai kallon shaho. Sai na ji ni tim a bakin mashaya, inda shanu suka kwana uku suna tattake laka da kashinsu. Bakina ya sami wani dutse guda ɗaya tilo da ke wurin, kamar an ajiye shi domina.

Can wata tsohuwa ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka. Na ɗago fuska baƙi ƙirin, ina tofar da jini da abin da ba zan faɗa ba, na hangi wani maraƙi yana taunar jar darata. Ni ma da a gefe nake da na yi dariya. Ardo kaɗai ne bai yi ba. Ya taka zuwa inda fulas ya faɗa, igiyar ta tsinke ya yi tsalle ya daki marmara. Ya ɗauka, ya kai kunne, ya girgiza a hankali. Duk muka ji ƙarar, kacau-kacau. Dariyar ta mutu nan take.

Na yunƙura zan tashi, sai na ji hannuna na hagu ba nawa ba ne, kafaɗa ta goce. Ardo ya ajiye fulas a inuwa, ya sa maza biyu suka danne ni, ya taka hamatata da ƙafa, ya ja hannun ya murɗa kamar yadda yake wa maraƙin da ya faɗa rami. Na yi ƙarar da na tabbata an ji ta a Sabuwa. Ƙashi ya koma. Malamin dabbobi ya zo yi wa Fulani magani, Fulani suka fara yi masa irin na dabbobi. Aka nemi abin da za a rataye hannun, aka zazzage jakata, sai ga majanyi. Da shi aka ɗaure.

Muka buɗe fulas. Cikinsa ya ruguje, ruwan sanyin ya tsiyaye. Na yi ta tsamo kwalabe daga cikin fasassun gilasai da hannu ɗaya, ina jera masu rai a ƙwarya cikin jiƙaƙƙiyar auduga. Ba su kai rabi ba. Kuma tunda sanyi ya tafi, dole a yi amfani da su yau, kafin rana ta kashe su.

"Zai ishi nawa?" Ardo ya tambaya.

Na faɗa masa. Ban iya kallon idonsa ba.

Ya daɗe yana duban garken, daga wannan gefe zuwa wancan. Sa'an nan ya juya ya yi magana da Fulatanci, ba da ƙarfi ba, maza suka watsu da igiyoyinsu. Wani da ke kusa da ni ya fassara mini. Ya ce a fara da shanun matan da mazansu suka rasu, sai na masu 'yan ƙalilan, sai ƙananan shanun sauran gidaje.

"Naka fa, Baba?" na ce.

"Ni na kira su nan," ya ce. "In ya rage."

Muka fara. Suna kayarwa, ina sokawa da hannun dama, wani yana tsaga kunnen duk wadda aka yi wa don shaida. Ban ci ba, ban sha ba, baki na kumbura, ƙudaje na bina. Ina ta matse kowace kwalba har ɗigon ƙarshe kamar hakan zai ƙara ta. Da la'asar sakaliya kwalbar ƙarshe ta ƙare. Shanun Ardo suna tsaye can gefe ƙarƙashin ɗorawa, kunnuwansu lafiya lau, a cikinsu har da wata jar saniya da aka ce tsatson shanun mahaifinsa ce. Na ce masa zan rubuta Katsina, zan dawo, ko ina suke zan same su. Ya gyaɗa kai kawai, ya ce Allah Ya kai ni gida lafiya.

Babur ɗin, in ban da fitila da ta fashe, ko lanƙwasa bai yi ba. Amma ba a tuƙa shi da hannu ɗaya. Na bar shi a gidan mai garin Sabuwa, aka ɗora ni a kan jaki. Haka na sake ratsa Faskari, ba hula, ba haƙori, hannu a majanyi, matan nan suna tambaya ko yau hannu ne ya ƙi shan nono. A gida mai ɗakina ta kwance majanyinta ta wanke ta shanya, ba ta ce na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Maƙerin ya zo dubiya, ya zauna ya daɗe, da zai tashi ya ce, "Sannu, Malam." Na rubuta wa Katsina cewa rashin kyan hanya ne ya jawo haɗarin. Wannan ƙaryar ma tana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu. Na roƙi a ƙaro magani, aka ce babu sai kaka. Ruwa ya sauka, hanya ta yanke. Tsakiyar damina bushiya ta iso.

Ban sake ganin Ardo ba sai bayan an yi girbi, ran kasuwar Faskari. Ina tsaye wajen karar shanu na ji an dafa kafaɗata, wadda ya gyara. Ya rame, sandar ma kamar ta yi masa nauyi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, yaya dokin?"

"Ya koyi tsayuwa, Baba," na ce, ina neman abin da zai sa shi murmushi.

"Ai shi tun ran nan ya iya," ya ce. "Gabana ya tsaya. Kai ne ba ka tsaya ba."

Na sunkuyar da kai, na tambayi shanu. Ya ce duk wadda aka tsaga wa kunne tana nan da ranta, ko ɗaya ba ta faɗi ba, matan da mazansu suka rasu suna ta sa mini albarka. Na ce, naka fa? Ya nuna mini bayan kara da bakin sanda. Shanu bakwai ne a tsaye, wata tsohuwa na riƙe da igiyarsu. Na duba, na sake dubawa, jar saniyar ba ta ciki.

"Su ke nan," ya ce. "Na ji an kawo sabon magani, shi ya sa na taho da su. Gobe ina nan bayan gari. Amma don Allah, Malam, ka goyo shi."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, a tsakiyar kasuwa, gaban dillalai. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba, bai ko ɗaga murya ba. Washegari na zo da fulas a bayana, da zane da majanyi, na ratsa Faskari a hankali, duk mai dariya ya yi. Na taɓa birki da yatsa biyu kawai, na tsaya nesa da shanun, domin tun da hannuna ya warke na ɗauko babur, kullum da safe ina fadama, ina hawa ina sauka a gaban masu lambu, har hannun ya san birkin. Na yi wa bakwai ɗin allura, aikin da bai kai shan fura ba.

Na ƙara shekaru ina hawan babur ɗin nan, kuma gaban da muka sa bai taɓa ba ni kunya ba. Gyaran daidai ne, maƙerin ya yi aikinsa. Abin da na koya shi ne, in ka sake wa abin hawanka gaba, to akwai sauran aiki, sai ka sake wa hannunka hali, kuma wannan ba a yin sa a ɗaki a kulle. A fili ake yin sa, inda za a gan ka kana kuskure a yi maka dariya. Ni na guji dariyar masu ɗiban ruwa ta safiya ɗaya, wani dattijo ya biya mini da garken da ya gada. Har na bar aiki ban sake fita da magani ba sai a goye. Jikokina suna ganin giɓin bakina abin dariya ne, ina kuwa barin su su yi. Amma duk lokacin da harshena ya taɓa wurin, shanu bakwai nake gani a bayan kara.